Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Kuɗin Sudan, Dakta Jibril Ibrahim: Ina Alkawarin Kanabi?

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da addu'ar Allah ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi.

Ni malamin firamare ne, haifaffen wani kambo (matsugunin leburorin gona, jam'insa kanabi) a yankin Manaƙil na jihar Jazira. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: alkawarin da kai da abokan tafiyarka kuka sa wa hannu cikin yarjejeniyar zaman lafiya a Juba ranar 3 ga Oktoban 2020 game da mutanen kanabi. Yarjejeniyar ta kira mu da sunanmu. Ta ce za a kafa hukuma ta ƙasa da za ta nema mana matsuguni na dindindin da ayyukan jin daɗin jama'a. Wata huɗu bayan nan, a Fabrairun 2021, aka damƙa maka baitulmali. Aka yi juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, kana nan. Firaminista Hamdok ya ajiye aiki ya tafi, kana nan. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, gwamnati ta tare a Bur Sudan, Dakta Kamil Idris ya kafa tasa a 2025, har yau kai ne a kujerar. Cikin duk waɗanda suka sa hannu a Juba babu wanda ya kai ka daɗewa a kan kuɗin ƙasar nan. Mu kuwa da aka yi alkawarin dominmu ko ƙofar ofishin hukumar ba mu gani ba, balle fegi guda da ta auna wa wani.

Ka san mu, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 Turawa suka rasa hannun tsinkar auduga. Kakanninmu suka cike gurbin: masu hanyar Makka da guzuri ya yanke musu, da zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, da mutanen Darfur, Tama da Masalit da Fur da danginka na jini. Aka ce su kafa bukkoki a gefen tur'a, wato magudanar ruwan noma, kafin kaka ta wuce. A 2025 mashru'in Jazira, wato babban shirin noman ban-ruwa na jihar, ya cika shekara 100 cif, bukkokin suna nan inda suke. Masu fafutukar ƙungiyar Mu'utamarul Kanabi suna cewa kanabin sun haura 2,000.

A kambonmu ba a gini da jan bulo, don ƙasar ba tamu ba ce, wanda ya gina kuwa ya san ranar da za a zo a ce ya rushe. Ruwan da jaki ke sha a tur'a shi mata ke ɗiba su zuba a randa su jira ya kwanta. Yaron da ya kai shekara goma bai yi fitsarin jini ba, ana yi wa uwarsa barka, don tsargiya ta zama kamar gado. Makarantar da na yi tana ƙauyen masu hawasha, wato masu riƙe da gonakin mashru'i, sai mun tsallake tur'a a kan bututun ƙarfe, da damina kuma yawancinmu a gida muke zama. Ƙannena mata ko ɗaya ba ta gama firamare ba.

Bari in nuna maka yadda ake raba gyaɗa, don wannan ba ya cikin takardun da ake kawo maka ofis. Mai hawasha yana Madani, ko Khartum, ko Jidda. Ya ba mahaifina faddan biyar, kimanin eka biyar, a kan sharaka, wato noman raba amfani. Mahaifina ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, ya kwana bakin Abu Ishirin, ƙaramar tur'ar da ke kai ruwa gona, yana gadin ruwa kada na gaba ya toshe. Mu yara mu tuge gyaɗar, mata su tsinke. Ranar awo sai mai hawasha ya iso da ɗan littafinsa a aljihun jallabiya. A fara cire kuɗin tarakta, a cire na ruwa, na iri, na buhu, sannan a raba abin da ya rage biyu. Babu takarda, babu shaida. Rabin da ya faɗo mana ma da mai shi, domin tun watan Agusta da hatsi ya ƙare an ci bashin shail, wanda ake biya da amfanin gona, wajen mai kanti a kan farashin da shi kaɗai ya yanka. Baɗi in mai hawasha ya ga dama ya ba wani gonar, ba wanda zai ce masa don me. Mahaifina ya tsufa a kan wannan, ya rasu bai mallaki taku ɗaya na ƙasar da ya yi wa hidima ba.

Ba ƙarar masu hawasha na kawo ba. Da yawansu talakawa ne, su ma an karya su. Dokar mashru'in Jazira ta 2005 ta ce kowa ya shuka abin da ya so ya nemo kuɗinsa, gwamnati ta zare hannu. Aka kwance layin dogon Jazira aka sayar da ƙarafansa. Injinan gurzar auduga na Maringan da Hasahisa da Bagir suka fita daga hannun mashru'i. A 2009 aka sallami dubban ma'aikata. Tur'o'i suka cika da laka da ciyawa, na ƙarshen layi ya daina ganin ruwa. Aka bar manomi shi da banki da 'yan kasuwa, wanda ya kasa biya a kulle shi. In aka matse mai hawasha kuwa, a kanmu yake huce wa, don ƙarƙashinmu babu kowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an taɓa yin akasin haka a wannan ƙasa, ba sai mun je wata duniya neman misali ba. Da gwamnati ta karɓi mashru'in daga hannun kamfanin Turawa a 1950, doka ta ware kashi 2 cikin 100 na ribar auduga don ayyukan jama'a. Da shi aka haƙa rijiyoyi, aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, aka taimaka wajen gina makarantu a ƙauyuka. Manoma suna da ƙungiya mai ƙarfi, har shugabanta, Shaihu Al-Amin Muhammad Al-Amin, ya zama minista bayan juyin Oktoban 1964. Wannan tsarin shi ya ɗaga ƙauyukan Jazira. Aibinsa ɗaya ne, bai ga kambo ba, don ba mu cikin taswira. Abin da nake nema a dawo da shi, a sa mu a ciki.

Ka ga abin da rashin taswira ya jawo a Janairun 2025. Dakarun RSF sun shiga Wad Madani a Disamban 2023, sun yi fiye da shekara suna cin karensu babu babbaka a Jazira. Abin da suka yi a Wad Nura da Hilaliya ba mai mantawa, kuma mu ma sun kwashe mana awaki da hatsi, sun harbe mana 'yan'uwa. Da sojoji suka dawo mun ce Alhamdulillahi. Sai ga shi ranar 10 ga Janairu, kwana ɗaya kafin a ƙwato Madani, an far wa Kambo Tayba a gabashin jihar. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mutum 26 aƙalla aka kashe, cikinsu har da yaro, ta kuma ɗora alhakin a kan mayaƙan Dir'us Sudan da ke yaƙi tare da sojoji. Laifin da aka jingina musu wai haɗa kai da abokan gaba. Janar Burhan ya kafa kwamitin bincike, muna jiran a karanta wa jama'a abin da ya gano. Amma ranka ya daɗe, ka duba tushen. Mutumin da ba shi da takardar gida, ba shi da hawasha, ba shi da wakili a majalisa, sunan mazauninsa ba ya cikin rajistar ƙaramar hukuma, shi ne wanda ake ƙona wa bukka a kore shi a ce dama baƙo ne. Da an auna fegin nan tun 2021, da mai neman korarsu ya san da gwamnati yake yi.

Na san amsar da za a ba ni: ana yaƙi, babu kuɗi, a jira. Wannan amsar ce ba zan karɓa ba.

Da aka tashi yi wa talaka tiyata ba a jira ba. Ranar 21 ga Fabrairun 2021, kana da 'yan kwanaki a ofis, aka mayar da dala daga fam 55 zuwa 375 dare ɗaya. A watan Yuni aka cire tallafin man fetur da na dizal gaba ɗaya. Hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. Aka ce mu yi haƙuri, hanya ce ta yafe mana bashin da ya haura dala biliyan 50, kuma ga shirin Samarat, dala 5 ga kowane mutum duk wata, zai kai ga kashi 80 cikin 100 na jama'a. Juyin mulki ya zo, Bankin Duniya ya rufe famfo, Samarat ya mutu, maganar yafe bashi ta tsaya. Tsadar kuwa ba wanda ya janye ta. Talaka ya biya nasa kason gaba ɗaya, a gaba, bai karɓi komai ba.

Kuɗi kuma akwai. Kamfanin albarkatun ma'adinai na gwamnati ya ce an haƙo zinare tan 64 a 2024, ana tsakiyar yaƙi. A farashin duniya na wannan shekarar wannan ya haura dala biliyan 4. Abin da aka ce ya shigo ta hanyar hukuma kimanin biliyan 1.5 ne. Ina sauran? Kuma ba ka manta ba, tun 2020 Hamdok ya fito ya ce kashi 18 cikin 100 kawai na dukiyar gwamnati ke ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi. Sauran suna hannun kamfanonin sojoji da na jami'an tsaro, masu noma, masu gine-gine, masu fitar da nama, masu shigo da alkama. Dawo da su ƙarƙashin baitulmali aikin kujerarka ne, ba na kowa ba. Maimakon haka kuɗin shiga ana neman sa ne a bakin hanya: buhun dawa ya taso daga Gadarif, kafin ya kai kasuwa ya biya a shinge bayan shinge, a kuma ƙara kuɗin kwastan, a ƙara kuɗin takardu. Duk wannan a kan mai sayen mudu yake ƙarewa.

Ba na cikin masu cewa a ƙwace kantin kowa, ko a rufe kasuwa. Kasuwa ta ci, mai jari ya ci riba. Abin da na yarda da shi, wanda masu ilimi ke kira dimokuraɗiyya mai kula da jama'a, bai wuce wannan ba: mai samu da yawa ya biya da yawa, dukiyar da ke ƙarƙashin ƙasa ta zama ta kowa, gwamnati ta riƙe ruwa da makaranta da asibiti kada ta bar su a hannun mai kuɗi, lebura kuma ya samu bakin magana. Mutanen Atbara da suka fito a Disamban 2018 saboda burodi ya tashi daga fam 1 zuwa 3, abin da suke nema ke nan. 'Yanci da zaman lafiya da adalci suka ce, ƙungiyarka kuwa sunanta Adalci da Daidaito.

Kuma kai ka fi kowa sanin cewa ana iya yin wannan a ƙasar da yaƙi ya ragargaza. A Japan ka yi digirinka na tattalin arziki. Japan ta fito daga yaƙin duniya na biyu biranenta sun zama toka, mutane na fama da yunwa. Ba ta jira ta yi arziki ba. A 1946 ta yi dokar ƙasa, ta tilasta wa masu gonakin da ba sa zaune a kansu su sayar wa gwamnati, ita kuma ta sayar wa masu nomawa da sauƙi, a biya a hankali. Kafin 1950 gonakin haya sun sauko daga kusan rabin ƙasar noma zuwa kimanin kashi 10 cikin 100. Ɗan manomin da ya samu gona shi ya tafi makaranta, shi ya shiga masana'anta. Ka zauna a cikinsu, ka ga abin da ya biyo baya da idonka. Don Allah, don Annabi, me ya hana a gwada ko rubu'in wannan a Jazira?

Namu ma ya fi nasu sauƙi. Fiye da rabin ƙasar mashru'in ta gwamnati ce. Fegin gida ba ya bukatar dala, bukatarsa ma'auni da takarda da sa hannu. A auna kowane kambo inda yake, in wurin bai dace ba a ba shi wani kusa, a rubuta sunansa a matsayin ƙauye, a ba kowane gida takardarsa. Daga ranar mutum zai iya gini da bulo, gwamnati kuma ba ta da hujjar hana rijiyar burtsatse da aji biyu da ɗakin shan magani. Hawashar da mai ita ya yi shekaru bai taka ba, gwamnati ta saya a hannunsa da farashin gaskiya, kada a zalunce shi, ta sayar wa wanda ke noma ta, ya biya daga amfanin gona. Kuɗin sayen a ɗebo daga zinare, a ware kaso sananne a rubuta a doka yadda aka rubuta kashi 2 na auduga a 1950. Wanda ya fi son ci gaba da sharaka, a wajabta takarda: wa ke biyan me, shekara nawa, kuma ba a korar mutum tsakiyar damina. A buɗe wa manoma da leburori asusun haɗin gwiwa da zai ba da hatsi da iri a watan Agusta, mai kanti ya daina yanka farashi shi kaɗai. A majalisar gudanar da mashru'i a Barakat a ajiye wa mutanen kanabi kujera, su zaɓi mai zama a kai da kansu.

Ina jin ana ta maganar sake gina ƙasa, ana neman masu zuba jari daga ƙasashen Larabawa su zo Jazira. Su zo, ba mu ƙi ba. Amma in aka ba kamfani faddan dubbai kafin a ba mu fegi, to ka sani mu ne farkon waɗanda tarakta za ta bi ta kan bukkokinsu, kuma doka za ta ce kamfanin ne ke da gaskiya. A fara da takardarmu.

Akwai maganar lambar ɗan ƙasa. Dokar 1994 ta ce wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a Sudan tun 1 ga Janairun 1956 ɗan ƙasa ne. Kakana yana tsinkar auduga tun kafin a haifi wannan ranar. Duk da haka na raka wata gwaggona neman lamba, jami'in ya dube ta, ya ji harshenta, ya ce ta kawo baffanta na jini ya yi shaida. Matar da ta haura saba'in, ina za ta samo baffa? Da aka canza takardun fam 500 da 1,000 a Disamban 2024 aka ce sai ta asusun banki, asusu kuma sai da lamba. Tsofaffi irinta suka miƙa ɗan abin da suka ƙulle a bakin zane ga masu asusu, aka yanke musu kaso. Kowane tallafi da za ku fito da shi gobe ta waya ko ta banki, wanda ba shi da lamba ba zai gan shi ba. Ku tura masu rajista kambo-kambo, shaidar limami da dattawan wuri ta wadatar.

Jinin da aka zubar a jihar Nilul Azraƙ a 2022 ma daga nan ya taso. A Yuli an kashe fiye da mutum 100, a Oktoba a Wad al-Mahi fiye da 200, a kan wa ke da ƙasa, wa ya cancanci sarauta. Na fahimci abin da ya sa shugabanninmu Hausawa suka nemi masarauta, don a tsarin da ake ciki wanda ba shi da sarki ba shi da gona. Amma a ganina maganin ba ƙarin rawani ba ne. A yi majalisun ƙananan hukumomi na zaɓe, duk mazaunin wuri ya jefa ƙuri'a, su riƙe rabon fili da kuɗin makaranta, a bar wa sarakuna sulhu da girmansu. Ƙungiyoyin ƙwadago da aka dakatar a Nuwamban 2022 a sake su su zaɓi shugabanninsu. Malaman makaranta kuma, mu da muka yi watanni ba albashi, wannan sai wata wasiƙar.

Ranka ya daɗe, ka ɗauki bindiga shekara da shekaru da sunan waɗanda aka mayar saniyar ware, ɗan'uwanka Dakta Khalil ya rasa ransa a wannan hanya a 2011. Waɗanda aka ware ɗin ba duka suke Darfur ba, ga su nan a bakin tur'a, tafiyar sa'o'i kaɗan daga Khartum. Matasan da ke dafa wa jama'a abinci a takaya, wato wuraren girkin sadaka, da kuɗin karo-karo sun riƙe unguwanni da rai ba tare da ma'aikata ko kasafi ba. Kai kana da duka biyun.

A kasafin kuɗi mai zuwa ina so in buɗe in ga layi mai sunan hukumar kanabi, da adadi a gabansa, da inda kuɗin zai fito. Ina so a sanar da sunayen waɗanda za su riƙe ta, a cikinsu a samu waɗanda aka haifa a kambo, maza da mata. Ina so kafin shukar gyaɗa mai zuwa ma'auna su sauka, su fara da Kambo Tayba. In akwai wanda ya hana ka, a majalisar mulki ko a barikin soja, ka fito ka faɗa wa jama'a, mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Wassalam.

Naka,
Malamin firamare, ɗan kambo daga Manaƙil